Layuka uku a goshin fayil, da abin da ake asara idan an goge su

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina neman ka ba ni fili in yi tsokaci a kan rahoton da kuka buga kwanakin baya game da matasan Kano da suka duƙufa wajen koyon rubuta manhajar kwamfuta. Rahoton ya yi mini daɗi, domin sana'ata ke nan, kuma na yi shekaru ina koyar da ita a wani ɗan shago da ke bayan titin Gidan Zoo. Sai dai akwai wani ɓangare na aikin da ba kasafai ake maganarsa da Hausa ba, alhali a nan ne na fi ganin yaranmu masu hazaƙa suna tuntuɓe, wato yadda ake riƙe fayilolin tushe da yadda ake mutunta lasisin da ke tafe da su. Zan kafa bayanina a kan kompaila, domin a kanta na sha wuyar da ta sa na ɗauki alƙalami.

Ga wanda ba fagensa ba ne, kompaila manhaja ce da ke karɓar umarnin da mutum ya rubuta cikin sigar da ɗan Adam zai iya karantawa, ta juya shi zuwa harshen na'ura. Wannan rubutu na asali shi ake kira tushe, kuma a cikin fayiloli ake ajiye shi. Ita kanta kompailar da irin waɗannan fayiloli ake gina ta, dubbai a manyan ayyuka. Saboda haka mai wannan aiki yana hulɗa da fayilolin tushe ta fuska biyu: akwai waɗanda ya gina kompailar da su, akwai kuma na jama'a waɗanda za ta riƙa karantawa bayan an gama ta.

Kimanin shekara biyu da suka wuce, ni da ɗalibaina bakwai muka fara gina wata 'yar ƙaramar kompaila ta koyarwa wadda kalmominta na umarni Hausa ne, irin su "idan", "maimaita" da "nuna", domin yaron sakandare ya fara kama tunanin aikin kafin Turanci ya tare masa hanya. Sashen farko da kowace kompaila ke buƙata shi ne wanda ke yanka rubutu kalma-kalma, ya bambanta suna da lamba da alama. Ɗaya daga cikin yaran, wanda ya fi kowa ƙwazo, ya ɗauki wannan sashe, kuma cikin kwana huɗu ya kawo shi yana aiki lafiya lau. Muka yi murna, muka ɗora sauran ginin a kansa har na tsawon watanni. Wata rana da daddare, an ɗauke wuta ina duba fayil ɗin da ragowar cajin kwamfutata, sai na lura cewa sharhin da ke tsakanin layuka, wato bayanin da marubuci ke barin wa mai karatu, ba irin Turancin yaron ba ne. Na kwafi jimla guda na nema a intanet, sai ga fayil ɗin sukutum a wani aiki da ke GitHub, dandalin da masu manhaja ke ɗora fayilolinsu. Bambancin kawai shi ne na asalin yana da wasu layuka a goshinsa, masu ɗauke da sunan marubucin, da shekarar da ya rubuta, da bayanin cewa an sake shi a ƙarƙashin lasisin GPL na uku. A namu babu su.

Washegari na kira shi gefe na ce, "Ɗana, ina ka samo wannan?" Bai ɓoye mini ba. Ya ce, "Malam, ai kyauta ne, a buɗe yake, kowa na iya ɗauka." Na ce to me ya sa ka goge samansa? Ya ce, "Na ga ba ya aikin kome ne, Malam. Kompaila ma tsallake shi take yi." Yaron ba ɓarawo ba ne, kuma abin da ya faɗa game da na'ura gaskiya ne, domin kompaila ba ta karanta sharhi. Laifin ya fi rataya a wuyana, ni da na koya masa yadda ake rubuta kod, wato umarnin da ke cikin fayilolin tushe, ban taɓa zaunar da shi na ce masa waɗannan layuka ba don na'ura aka rubuta su ba, don mutane ne.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne wannan ba baƙon ilimi ba ne a garin nan. Duk wanda ya taɓa buɗe tsohon littafin da aka rubuta da hannu a zauren wani malami a cikin birni ya san yadda magabata suke yi. Mai kwafi zai fara da ambaton mawallafi da yi masa addu'a, idan ya kai ƙarshe kuma ya rubuta cewa littafi ya kammala, sau da yawa ya sa sunansa da na wanda aka kwafa dominsa, ya roƙi mai karatu ya gyara kuskuren da ya gani. Ba su hana kowa kwafa ba, da kwafar ma ilimin ya yaɗu daga Kano zuwa Katsina da Zazzau da Borno. Amma wanda ya cire sunan mawallafi ya bar littafi ba asali, malamai ba za su karɓi karatu daga gare shi ba, domin ba a san ta inda ya biyo ba. Goshin fayil shi ne wannan shafi. Yana gaya maka wane ne ya rubuta, da wane sharaɗi ya ba ka, da kuma wanda za ka koma wa idan an sami matsala.

Doka ma tana nan a kan haka. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta lissafa manhajar kwamfuta cikin ayyukan rubutu, kuma haƙƙin yana tabbata da zarar an rubuta abu, ba sai an yi rajista ba. Nijeriya ta shiga Yarjejeniyar Bern tun 1993, don haka wanda ya rubuta fayil a Jamus ko Indiya yana da kariya a Kano kamar yadda yake da ita a gidansu. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kod ɗin da aka ɗora a intanet ba tare da lasisi ba, ba kyauta ba ne. Ganinsa a fili bai halatta maka ɗauka ka sa a naka ka raba ba. Lasisi shi ne izinin, kuma kowane izini da sharaɗinsa. Mutanen garin da suka ga yadda masu kwafar fayafayai suka durƙusar da kasuwar finafinan Hausa ba sa buƙatar dogon wa'azi kafin su gane zafin a ci gumin mutum a kuma share sunansa.

Lasisin buɗaɗɗen tushe iri biyu ne manya. Akwai masu sassauci, irin su MIT da BSD da Apache, waɗanda ke ba ka damar ɗauka, ka gyara, ka sayar, har ka rufe naka, muddin ka bar sanarwar mallaka da rubutun lasisin tare da kayan. Akwai kuma GPL, wanda Richard Stallman ya fitar a 1989, shekara biyu bayan ya saki kompailar GCC a 1987. Idan ina yi wa ɗalibai bayaninsa nakan kwatanta shi da rijiyar waƙafi. Kowa ya zo ya ɗiba, ɗan garuwa ma ya ɗiba ya sayar babu laifi, amma ba wanda zai kewaye ta ya sa ƙofa ya ce tasa ce, kuma wanda ya ƙara mata zurfi, ƙarin nan ya shiga cikin waƙafin. Wato idan ka gina a kan kod na GPL ka raba wa mutane, wajibi ne ka ba su tushen duka a kan sharaɗin da kai ma ka samu, ka kuma bayyana cewa ka yi canji da lokacin da ka yi shi. Wannan sharaɗi ba ado ba ne. A ƙarshen shekarun 1980 kamfanin NeXT na Steve Jobs ya gina sashen harshen Objective-C a kan GCC yana son ya riƙe shi a rufe, amma daga bisani sai da ya sake shi a ƙarƙashin GPL.

A nan ne kompaila ta bambanta da sauran manhajoji, kuma a nan ne na fi samun tambaya. Wani ɗalibina da ke rubuta wa 'yan kasuwar Kantin Kwari manhajar lissafin kaya ya taɓa zuwa mini hankalinsa a tashe, yana tambaya ko amfani da GCC zai tilasta masa buɗe tushen abin da yake ci da shi. Amsar ita ce a'a, amma dalilin yana da muhimmanci ga duk mai gina kompaila. Kompaila ba fassara kawai take yi ba, takan liƙa wasu guntayen kod nata a cikin kowace manhajar da ta haɗa, waɗanda ke taimaka wa manhajar wajen tashi da gudana. Da a ce guntayen nan suna ƙarƙashin GPL zalla, da sharaɗin ya bi su ya shiga kayan kowa. Shi ya sa masu GCC suka rubuta keɓancewa ta musamman a kansu, wadda aka sabunta a 2009, kuma za ka ga an ambace ta a goshin fayilolin da ta shafa. Ke nan a cikin aiki guda ana iya samun fayiloli biyu suna maƙwabtaka, sharaɗinsu ba ɗaya ba, kuma babu abin da zai gaya maka wanne ne wanne sai layukan da yarona ya ɗauka surutu ne.

Kada a zaci wannan ƙaramar magana ce da ta tsaya a kan ɗalibai. Da aka fitar da GPL na uku a 2007, kamfanin Apple bai yarda da sababbin sharuɗɗan ba, ya tsaya a kan GCC 4.2.1, ya mayar da ƙarfinsa ga kompailar Clang wadda aka gina a kan LLVM, aikin da Chris Lattner da Vikram Adve suka faro a Jami'ar Ilinoi ta Amurka a shekarar 2000 a ƙarƙashin lasisi mai sassauci. Zaɓin lasisi ya sauya alƙiblar sana'ar gaba ɗaya. Su ma masu LLVM ba su tsira ba. Da suka ga tsohon lasisinsu bai yi maganar haƙƙin ƙirƙira ba, kuma yana wahalar da su wajen matsar da kod daga wani sashe zuwa wani, sai suka yanke shawarar komawa Apache 2.0 tare da wasu keɓance-keɓance nasu. An fara tattaunawar a 2015, sabon lasisin bai fara aiki ba sai 2019, kuma shekaru bayan haka suna ci gaba da bin mutanen da suka taɓa ba da gudummawa ɗaya bayan ɗaya suna neman amincewarsu, domin kowa shi ke da haƙƙin abin da ya rubuta. Yau idan ka buɗe fayil na LLVM za ka tarar da layuka uku a samansa: na farko ya ce fayil ɗin na aikin ne kuma ga lasisinsa, na biyu ya nuna inda cikakken rubutun yake, na uku kuma gajeriyar alama ce ta tsarin SPDX wadda na'ura ke iya tantancewa.

Mu ma mun ɗanɗani irin wannan, gwargwadon ƙanƙantarmu. Da muka zauna gyara ɓarnar, sai muka tarar cewa aikinmu ba shi da lasisi ko kaɗan, domin ba mu taɓa tunanin sa masa ba. Ma'anar haka ita ce kowane ɗaya daga cikinmu takwas yana riƙe da haƙƙin nasa ɓangaren, kuma ba za a iya sa wa aikin lasisi ba sai kowa ya amince. A lokacin ɗaya ya tafi bautar ƙasa a kudu, wata ta yi aure ta bar gari ta kuma sauya lambar waya. Sai da muka yi wata uku kafin muka tattara amincewar kowa a rubuce, abin da minti goma zai wadatar da a ranar farko muka yi shi. Tun ran gini tun ran zane. Daga ƙarshe mun zaɓi GPL na uku, muka mayar wa fayil ɗin aro goshinsa, muka ƙara layi mai cewa mun gyara shi da kwanan wata, muka kuma rubuta keɓancewa a kan guntayen da kompailarmu ke liƙawa, domin ɗalibin da ya yi amfani da ita ya mallaki abin da ya rubuta. Ni a ganina abin da aka gina don koyar da 'ya'yan jama'a ya fi dacewa da lasisin da zai hana wani ya rufe shi gobe, kodayake ba na ganin laifin wanda ya zaɓi MIT da saninsa.

Akwai masu cewa layukan nan cika fayil kawai suke yi, kuma suna kafa hujja da masu harshen Rust, waɗanda suka cire su daga fayilolinsu a ƙarshen 2018 suka bar bayanin lasisi a wuri guda. Haka ne, amma masu aikin ne suka yanke wa kansu wannan shawara. Mai aro ba shi da wannan hurumi. Kuma a wajenmu, inda fayil ke yawo shi kaɗai daga filashi zuwa filashi da ta WhatsApp, ya rabu da foldarsa da tarihinsa, abin da ke rubuce a jikinsa ne kawai ke bin sa. Masu Linux ma, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, a 2017 sun bi dubban fayilolin da ba su da bayanin lasisi suna sa musu layin SPDX guda ɗaya. Su ne kuma tun 2004 suka fara neman duk mai kawo gudummawa ya sa hannu a ƙarƙashinta cewa shi ya rubuta ko yana da izinin kawowa, tsarin da GCC ta karɓa a 2021. Mun ɗauki wannan al'ada, kuma tun daga lokacin nake jin yara suna tambayar junansu asalin kod kafin su kawo mini.

Fuska ta biyu, wato fayilolin da kompaila ke karantawa, ta shafi Bahaushe fiye da yadda ake zato. Masu karanta Hausa a intanet sun sha ganin inda ƙ ta koma Æ™, ɗ ta koma É—. Dalilin shi ne a tsarin UTF-8 na ajiye haruffa a kwamfuta, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, kowane ɗaya daga cikin ɓ da ɗ da ƙ yana cin bayit biyu (bayit shi ne ɗan gurbin da kwamfuta ke ajiye bayani a ciki), to idan aka buɗe fayil da tsohon tsarin Windows mai ɗaukar kowane bayit a matsayin harafi guda, sai harafinmu ya tsage gida biyu. Kompailarmu ta farko tana ƙirga bayit ne maimakon harafi, saboda haka idan ɗalibi ya rubuta "ƙididdiga" ya yi kuskure a gabanta, sai ta nuna masa gurbin da ba shi ba ne, yaro ya yi ta neman laifi inda babu. Alamar ɗauri ta 'ya'ya da ma'ana ta fi wahala, domin a harsunan kwamfuta da yawa wannan alama buɗe zance take yi, ga shi kuma Word yakan lanƙwasa ta ta zama wani harafi daban. Mun yanke cewa fayilolinmu duka UTF-8 ne, kompaila ta ƙi karɓar wanda ba haka ba tare da bayani cikin Hausa, ta kuma karɓi ƴ a cikin sunaye kamar yadda 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa. Ko GCC sai a fitowarta ta 10, a 2020, ta fara karɓar irin waɗannan haruffa kai tsaye a cikin sunaye, wanda ke nuna cewa idan ba mu muka tsaya wa haruffanmu ba, za su daɗe a bayan layi.

Ajami kuwa yana da nasa haɗarin. A watan Nuwamba na 2021 Nicholas Boucher da Ross Anderson na Jami'ar Kambirij suka nuna cewa haruffan nan marasa ganuwa da ke juya alƙiblar rubutu daga dama zuwa hagu ana iya amfani da su a sa fayil ya nuna wa idon mutum abu ɗaya, kompaila kuma ta karanta wani abu daban. Masu Rust sun fitar da gyara nan take, GCC 12 ta zo da gargaɗi a kan haka. Wanda bai damu da Larabci ko Ajami ba yana iya haramta haruffan baki ɗaya ya huta. Mu da muke son almajiri ya iya sa kwamfuta ta nuna saƙo da Ajami ba mu da wannan sauƙi, dole kompailarmu ta bar su a cikin zance, ta kuma tsaya ta yi ƙara idan an buɗe ɗaya ba a rufe ba kafin ƙarshen layi.

Ina kira ga malaman da ke duba ayyukan kammala karatu a jami'o'i da kwalejojin jihar nan da su riƙa buɗe fayilolin da kansu, kada su tsaya a kan rahoton da aka ɗaure da bango mai kyau. Su tambayi ɗalibi wane fayil ne nasa, wanne ne na aro, kuma da wane lasisi. Aro ba abin kunya ba ne a wannan sana'a, babu kompailar da mutum ɗaya ya gina daga ƙasa har sama ba tare da jingina da aikin wasu ba, kuma ɗalibin da ya ce ya ɗauko sashe kaza daga wuri kaza ya bar goshinsa yadda yake ya cancanci ƙarin maki a kan wanda ya share ya yi shiru. Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya da hukumar NITDA mai kula da fasahar sadarwa su ma suna iya taimakawa da taƙaitaccen bayani cikin Hausa a kan manyan lasisin nan, domin yawancin yaranmu ba ƙin bi suke yi ba, Turancin lauyoyi ne ke korar su.

Kai kuma, Malam Edita, ga roƙona gare ka. Lasisin MIT bai kai kalma 200 ba. Ni da ɗalibaina mun fassara shi zuwa Hausa, muka kuma rubuta bayanin GPL da na Apache a shafi guda, tare da faɗakarwa cewa rubutun Turancin ne ke da ƙarfin doka, namu na fahimta ne kawai. Idan jaridarku za ta ba shi gurbi a shafin kimiyya da fasaha, zan kawo shi ofishinku da kaina, kuma yaron da ya goge layukan nan shi ne ya yi mafi yawan aikin fassarar, don haka tare za mu zo.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Wani malamin koyar da manhaja,
Birnin Kano.